Da wane ma'auni za mu zaɓi gwanin malamin fiziks a Gombe?

Injiniya_Bolari:
Assalamu alaikum jama'a. A zamanmu na tsofaffin ɗalibai da ya gabata mun amince mu riƙa karrama malamin fiziks guda ɗaya duk shekara daga makarantun sakandare na gwamnati a jihar nan, a miƙa masa kyautar ranar 5 ga Oktoba, wato Ranar Malamai ta Duniya. Abin da ya sa muka ware fiziks a fili yake: yaron da ke son likitanci ko injiniyanci, ko yarinyar da ke son makarantar jinya, duk sai da kiredit ɗinsa, ga shi malamansa sun fi na kowane darasi wuyar samu. Kuɗin kam an yi alƙawari. Inda muka cije shi ne yadda za a zaɓa. Ni dai nawa ra'ayin mai sauƙi ne: a karɓo sakamakon WAEC da NECO daga ma'aikatar ilimi, malamin da ɗalibansa suka fi cin kiredit shi ne gwani. Lamba ba ta da ɗan'uwa, ba ta san ɗan garinsu ba. Me kuka gani?

Maman_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Allah ya saka muku da alheri. Ni ma hakan na gani, mu iyaye sakamakon muke kallo.

Malam_Kumo:
Yallaɓai Injiniya, niyya ta yi kyau, amma idan kuka bi wannan hanyar tun yau zan iya faɗa muku makarantu uku ko huɗu da kyautar za ta yi ta zagayawa a tsakaninsu. Makarantar kimiyya da ke tace yara da jarrabawar shiga, ta ɗebi na gaba-gaba daga ko'ina, ga kwana, ga ɗakin gwaje-gwaje, ta yaya za ka jera ta da makarantar jeka-ka-dawo ta ƙauye inda yaro zai shigo SS1 bai iya raba lamba da lamba ba? Kuma sakamakon na wa ne? Yaron nan wani ya koyar da shi a SS1, ɗan bautar ƙasa ya riƙe shi a SS2 ya tafi, wani daban ya ƙarasa da shi. Wanda sunansa ke kan ajin ƙarshe shi zai kwashe ladan kowa.

Sadiq_TudunWada:
Malam Kumo ya taɓo, amma ya yi kara bai ƙarasa ba. Ni bari in ƙarasa: satar amsa. A makarantar da na yi, ba sai na kama suna ba, malaminmu na fiziks ya ƙi shiga ɗakin jarrabawa ya rubuta amsa a allo kamar yadda aka nema daga gare shi. Cewa ya yi shi ya gama nasa tun a aji. A shekarar sakamakonmu na fiziks ya fi na kowane darasi muni, iyaye suka yi ta tsine masa, ba a jima ba aka yi masa canjin wurin aiki. Da ma'aunin Injiniya wannan bawan Allah ne na ƙarshe a jeri, wanda ya rubuta amsa a allo kuma shi za a kira a ba babur.

Injiniya_Bolari:
Na ji ku. To amma ku ba ni madadi. Idan muka ajiye lamba, abin da zai rage shi ne "wane ya ce wane ya iya", kuma kun san inda wannan ke kai mu.

Dakta_Kashere:
Akwai lambar da ta fi wannan adalci, Injiniya, kuma masu binciken koyar da fiziks sun daɗe da ita. A 1992 wasu mutum uku a Amurka, David Hestenes da Malcolm Wells da Gregg Swackhamer, suka fitar da wani gwaji na auna yadda ɗalibi ya fahimci ƙarfi da motsi, ana kiransa FCI a taƙaice. Shi Wells ɗin ma malamin sakandare ne. Tambayoyi 30 ne a sigar da ake amfani da ita yanzu, kuma ba lissafi a ciki, fahimta kawai ake nema. Irin su: ka jefa dutse sama, ya bar hannunka, yana kan tafiya sama, wane ƙarfi ne ke aiki a kansa? Yawancin yara, har da waɗanda suka haddace dokokin Newton uku tsaf, za su ce maka ƙarfin hannunka na nan tare da dutsen yana tura shi har sai ya ƙare. Alhali da zarar ya bar hannu, in ka cire ɗan jan iska, nauyinsa kaɗai ya rage, shi ma ƙasa yake ja.

Yadda ake yi, a ba yara gwajin a farkon zango, a sake ba su a ƙarshe, sai a duba nawa suka cike daga giɓin da suke da shi. Yaron da ya fara da 20 cikin 100 ya kai 60 ya cike rabin giɓinsa. Wanda ya fara da 80 ya kai 85 kashi ɗaya cikin huɗu kawai ya cike. Ka ga malamin ƙauye ya samu filin fafatawa da na birni. A 1998 Richard Hake ya tattara irin wannan sakamako daga ɗalibai sama da 6,000 a azuzuwa 62. Inda malami ke magana yara na kwafa, abin da aka cike bai wuce 0.23 na giɓin ba a matsakaici. Inda ake sa yara su yi gardama da juna su taɓa abu da hannu, ya kai 0.48.

Abba_Jekadafari:
Dakta an zo da lacca. Ƙananan hukumomi 11 ne fa a jihar nan. Wa zai buga takardun, wa zai kai Nafaɗa da Shongom sau biyu a shekara, wa zai tsaya a kan yaran? Kuma ranar da malamai suka gane kyauta na rataye da wannan gwajin, wallahi za a samu mai ce wa yara su faɗi na farkon da gangan.

Dakta_Kashere:
Wannan na ƙarshen gaskiya ne, Abba. Duk ma'aunin da aka ɗora wa kuɗi sai an nemi hanyar lanƙwasa shi. Sai dai ba a ce a yi wa jiha duka ba. A tace a samu mutum biyar ko shida, sannan a gwada azuzuwansu.

Malama_Talatu_Billiri:
Ina da tambaya ga Dakta. Da wane harshe za a yi gwajin? Ina koyar da fiziks, kuma abin da nake gani kullum shi ne yaro ya san amsa amma Turancin tambayar ya kayar da shi. In na juya masa ita da Hausa, wani lokacin ma sai ɗan ajinsu ya ƙara juya masa da Tangale, nan take zai ba ni amsa daidai. To in an gwada ɗalibaina da dogon Turanci, ni aka auna ko malamin Ingilishi?

Usman_Dukku:
Malama kin faɗi gaskiya. Mu a nan wasu yaran sai an haɗa da Fulatanci. Amma ni ina ganin malamin da ke yawan fassara yana cutar yaro ne a ƙarshe, tunda WAEC ba za ta fassara masa ba.

Malama_Talatu_Billiri:
Malam Usman, ba cewa na yi a bar Turanci ba. A fara fahimtar da shi abin, sannan a ɗora masa sunan. Yaron da ya gane dalilin da ya sa fasinja ke faɗawa gaba idan direba ya taka birki, ba zai sha wuyar riƙe sunan da littafi ya ba abin ba. Wanda aka fara ba shi sunan kuwa, haddar ce kawai zai yi ta ɗauka har ranar jarrabawa.

Admin_Hajiya:
Jama'a a dawo kan zaɓen malami. Maganar harshe mu buɗe mata nata zauren wata rana.

Baba_Mai_Ritaya:
'Ya'yana, sannunku da ƙoƙari. Jikata ce ke buga mini, ku yi haƙuri da tsawo. Na koyar da wannan darasi tun muna cikin jihar Bauchi, kafin a cire Gombe a 1996, na kuma yi aikin duba makarantu kafin in ajiye. In kuna son sanin malamin fiziks, kada ku kalli malamin. Ku je makarantar ba tare da sanarwa ba, ku roƙe shi ya zauna a ofis ya sha shayi. Ku ɗauki yara uku daga SS2, ba na layin gaba ba, ku miƙa musu zare, da ɗan dutse ko notin keke, da rular mita, da agogon waya. Ku ce su haɗa fendulum, wato dutse rataye da zare yana lilo, su nemo muku g, wato yadda gudun abu ke ƙaruwa in yana faɗowa ƙasa.

Yaron da aka koyar zai nemi inda zai rataya zaren, ko a ƙusar ƙofa ce. Zai auna tsawon daga inda aka ɗaure har tsakiyar dutsen, ba samansa ba. Zai ja shi gefe kaɗan, ba zai wurga shi ba. Zai bari ya daidaita kafin ya fara ƙirga, kuma zai ƙirga zuwa da dawowa 20, ba guda ɗaya ba, don ya san yatsansa ba shi da saurin kama guda. In zaren mita ɗaya ne zai samu wajen daƙiƙa 40. Sai ku ce masa: in na mai da zaren santimita 25 fa? In ya yi ɗan shiru ya ce wajen daƙiƙa 20, to ku koma ofis ku gaida malaminsa da kyau. In ya ce 10, ya san lissafi amma bai taɓa riƙe zaren ba. Sannan ku canja dutsen da wanda ya fi nauyi ku tambaye su ko lokacin zai canja, ku ga ko za su yi musu da juna ko za su tsaya suna kallon bakinku.

Duk wannan bai kai kuɗin katin waya ba. Shi ya sa ba na karɓar uzurin "ba mu da kayan aiki" gaba ɗayansa. Rabi nake karɓa.

Sadiq_TudunWada:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wallahi mu ranar jarrabawar firaktikal muka fara ganin firizim, gilashin nan mai kusurwa uku na darasin haske, da idonmu.

Malam_Kumo:
Baba, Allah ya ja kwana, a ba ni izini in kare rabin da aka ƙi karɓa. Takarda ta uku ta WAEC, wato ta firaktikal, tambayoyi uku ce a zaɓi biyu, yawanci ɗaya kan awo da motsi, ɗaya kan haske, ɗaya kan lantarki. Fendulum kam zare da dutse sun wadatar. Amma na lantarki sai da amita da boltmita, wato na'urorin auna lantarki, da waya mai sanannen kauri, na haske sai da gilashin gaske. Abin da ke faruwa a makarantu da yawa shi ne sai WAEC ta aiko da jerin kayan da za a tanada, sannan shugaban makaranta zai fita aro ko saye, a yi wa yara atisaye na 'yan kwanaki, a gama a kulle kayan a kabad sai baɗi. Malamin da ke cikin wannan hali ko ya kai wa iyawa akwai inda zai tsaya.

Baba_Mai_Ritaya:
Gaskiyarka ɗana. Shi ya sa na ce rabi. Amma ka tambayi mai riƙe da makullin kabad ɗin, sau da yawa malamin ne da kansa, yana tsoron kada yara su fasa a cire a albashinsa.

Nas_Rukayya:
Ni ban san ma'auni ba, labarin malaminmu kawai zan bayar. Makarantar 'yan mata ce, kuma yawancinmu mun shiga ajin kimiyya ne muna tsoron fiziks kamar me. Ranar da zai fara mana darasin haske ya ce kowa ta zo da gwangwanin madara babba. Muka huda gindin da ƙusa ƙarama, muka rufe bakin da takardar da aka shafa wa man gyaɗa, muka lulluɓe kai da hijabi muna leƙawa. Sai ga bishiyar darbejiyar bakin aji a kan takardar, kanta a ƙasa. Ajin ya kaure da ihu. Bai ce komai ba sai da muka lafa, sannan ya ce to wa za ta zana mini hanyar da hasken ya bi har bishiya ta juye? A nan ya ba mu labarin Ibnul Haisam, cewa shekara wajen dubu da ta wuce ya yi bayanin wannan a Masar. Ya taɓa kai mu madatsar ruwa ta Dadin Kowa ma, a lokacin ba a fara samar da wuta ba, ya tsaya a kan gadar yana tambayarmu ina ƙarfin ruwan nan yake tafiya in ya faɗo. Yanzu da ake maganar megawat 40 daga wurin, shi nake tunawa. Ya rasu ba wanda ya taɓa ba shi ko satifiket. In da za a tambayi tsofaffin ɗalibai, da irinsu sun fito.

Maman_Hanifa:
Allah ya jiƙansa. Na fara canja ra'ayi gaskiya.

Abba_Jekadafari:
Amin. Amma ƙuri'ar ɗalibai ma da nata. Yara za su zaɓi mai ba su dariya da wanda ba ya duka, su bar mai matsa musu.

Nas_Rukayya:
Yaya Abba, ban ce na cikin aji ba. Waɗanda suka fita suka shiga Jami'ar Jihar Gombe ko Kashere ko ATBU ko FCE, suka zauna ajin fiziks na shekarar farko. A nan kowa ke gane ko an koyar da shi ko an yi masa wasa. Su za a tambaya.

Comrade_Deba:
Ku yi haƙuri zan ɓata muku biki. Malami bai ce ku ba shi allon katako mai sunansa ba. A ranar 5 ga Oktoban 2020 Shugaba Buhari ya yi shelar sabon tsarin albashi na musamman ga malamai, da alawus na masu koyar da kimiyya, da na waɗanda aka tura karkara. Ƙarin shekarun ritaya zuwa 65, ko 40 na aiki, shi kam ya zama doka a 2022. Sauran fa? Ku tambayi duk malamin da ke zauren nan abin da ya gani a asusunsa. Mai digirin fiziks yana da inda zai je, shi ya sa ba ya zama. Ku karrama mutum ɗaya, saura su tafa, gobe kowa ya koma neman bashin masara.

Injiniya_Bolari:
Comrade, albashi ba a hannunmu yake ba. Abin da ke hannunmu shi muke magana a kai. Don ba mu iya yin babba ba sai mu fasa ƙarami?

Comrade_Deba:
Ban ce ku fasa ba. Amma ku sani, ranar da kuka sa hotonsa a Facebook, makarantun kuɗi za su neme shi, ko kuma a ɗauke shi a kai shi ofis a ma'aikata a ce an yi masa sakayya. Na ga an yi. Ƙauyen da kuka yaba saboda shi su za su rasa malami.

Zainab_Pantami:
Me zai hana ku duba yadda masu yi suke yi? Akwai gasar Maltina ta gwarzon malami tun 2015, suna fitar da zakaran kowace jiha kafin na ƙasa, a 2020 ma wata malama daga Yola ce ta ci. Gwamnatin tarayya ita ma tana raba nata kyaututtukan ranar malamai a Abuja. Sannan ga wancan ɗan Kenya da ya ci dala miliyan ɗaya, malamin bayoloji ne ko?

Dakta_Kashere:
Peter Tabichi. Lissafi da fiziks yake koyarwa, ba bayoloji ba. A 2019 aka ba shi a Dubai, kuma makarantarsa ta jeka-ka-dawo ce a wani ƙauye a yankin Nakuru. Abin da aka fi ambata game da shi, yana bayar da kashi 80 cikin 100 na albashinsa ga mabuƙata, sannan ɗalibansa sun yi fice a gasar kimiyya. Kin ga su ma ba sakamakon jarrabawa kaɗai suka kalla ba.

Usman_Dukku:
Matsalar irin waɗannan gasa, malami ne ke cike fom a intanet ya yi ta yabon kansa da Turanci. Malaman da na sani masu aikin gaske ba za su iya zama su rubuta "ni ne na yi kaza" ba, kunya ba za ta bar su ba, in ma sun yarda sabis ɗin ba zai bar su ba. Wanda ya iya rubutu da ɗaukar hoto shi ke ci. Ita Maltina kuma akwai waɗanda ke ƙaurace mata don kamfanin da ke ɗaukar nauyinta na giya ne, wannan kuma ra'ayin kowa ne.

Admin_Hajiya:
Malam Usman a bar wannan gefen don Allah, kada mu koma wa'azi.

Malama_Talatu_Billiri:
Kuma kada ku ce shugabannin makarantu su turo suna. Za a turo wanda ke gaishe da oga da safe. In dai za a tace, a haɗa bakin tsofaffin ɗalibai kamar yadda Rukayya ta ce, da na 'yan'uwa malamai. Mu mun san junanmu. A wurin duba takardun WAEC da tarukan STAN, ƙungiyar malaman kimiyya ta Najeriya, muna haɗuwa, mun san wanda in an kawo tambaya mai wuya kowa ke juyawa ya kalle shi.

Sadiq_TudunWada:
Ita kyautar ma mece ce? Kada a zo a ba mutum agogon bango.

Abba_Jekadafari:
Kujerar Makka kawai, a huta.

Malama_Talatu_Billiri:
In ni na ci fa, Abba?

Abba_Jekadafari:
Sai a mai da ita ta Urushalima, Malama, ba faɗa.

Malam_Kumo:
Ni a raba biyu. Wani abu na aljihunsa, don shi ma yana da iyali. Wani kuma na ajinsa: kwamfutar tafi-da-gidanka, ɗan faifan sola da batir, da akwatin kayan lantarki da na haske. Akwai manhajar PhET ta Jami'ar Colorado, kyauta ce, ana sauke ta a yi aiki da ita ba intanet, yaro ya haɗa batir da waya da ƙwan fitila a kan allo ya ga abin da zai faru in ya ƙara ɗaya. Ba ta maye gurbin taɓa waya da hannu, amma ta fi zane da alli nesa ba kusa ba. Sai dai a rubuta a takarda cewa kayan na makaranta ne ko na malami, don in aka yi masa canji rigima ce.

Comrade_Deba:
Na makaranta, sai su shiga kabad ɗin da Baba ya faɗa. Na malami, sai su bi shi makarantar kuɗi. Zaɓi ɗaya.

Injiniya_Bolari:
Na karanta duka, na gode. Amma har yanzu ban yarda a jefar da sakamakon jarrabawa gaba ɗaya ba. Yaron da ya iya fendulum ɗin Baba amma ya samu F9 ba zai shiga jami'a da zare da dutse ba. Ko kashi 30 cikin 100 ne a ba sakamako, a kwatanta makaranta da kanta a shekarun baya maimakon da wata makarantar.

Sadiq_TudunWada:
Ko kashi 10 ka ba shi, Yallaɓai, ka buɗe wa mai rubuta amsa a allo ƙofa.

Maman_Hanifa:
To Sadiq, mu da muke biyan kuɗin jarrabawa fa? A ce sakamako ba ya cikin lissafi sam? Wannan kuma ban bi ka ba.

Baba_Mai_Ritaya:
In kun tsai da mutum biyar ɗin, ni zan bi ku zagayen in akwai mota, ƙafa ce ba ta yarda da babur yanzu. Amma ku sa shi cikin zango na biyu. Zango na uku 'yan SS3 na jarrabawa, ga damina, wasu hanyoyin ba sa biyuwa. Kuma kada wanda ya gaya wa makaranta ranar zuwanmu, ko da matarsa ce ke koyarwa a can.

Usman_Dukku:
Zango na biyu ya yi. Amma wa zai tace biyar ɗin? Nan ne fa ba a amsa ba tun ɗazu.